Aiki a Kan Rufi: Kayan da Ke Kare Mutum Daga Faɗuwa

Ƴan uwa manoma, in bazara ta kama, kowane magidanci yana da aiki biyu a gabansa: sharar gona da gyaran rufi. A ƙasar Bazaga, da sauran garuruwan Ƙonni, Malbaza da Illela, watannin Afrilu da Mayu su ne lokacin baibayar ɗaki, da yaɓen soro, da sabunta hular rumbu. Kowa yana so ya gama kafin ruwan farko ya sauka a watan Yuni.

Wannan aiki wajibi ne. Ɗakin da ke yoyo yana kawo sanyi da tari ga yara. Rumbun da ruwa ya shiga, hatsinsa ruɓewa yake yi. Amma aikin yana da hatsari, domin a sama ake yin sa. Mutumin da ya faɗo ya karye a watan Mayu, ba zai riƙe hauya ba a watan Yuli. Ƙashin cinyar babban mutum yakan ɗauki wata uku ko fiye kafin ya haɗe. Ke nan damana ta wuce shi, iyalinsa kuma sun shiga wahala. Shi ya sa a wannan fitowa za mu yi bayani a kan kayan aikin da ke sa mutum ya hau lafiya, ya yi aikinsa cikin natsuwa, ya sauko lafiya.

ME YA SA MAGANAR TA SHAFE MU?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa kowace shekara saboda faɗuwa. Fiye da 80 cikin 100 daga cikinsu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. In aka cire hatsarin hanya, babu tsautsayin da ke kashe mutane kamar faɗuwa. Tun a shekarar 1988 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 167 a kan kare lafiyar masu aikin gini, kuma aikin kan rufi yana cikin abubuwan da ta yi magana a kai.

Wani zai ce ɗakunanmu ba su da tsawo kamar benayen birni. Gaskiya ne. Amma mu duba wannan lissafi. Wanda ya faɗo daga tsawon mita 3, kafin daƙiƙa ɗaya ta cika ya riga ya kai ƙasa. Ba shi da lokacin kama wani abu. Wanda ya faɗo daga mita 5, yana bugun ƙasa da saurin kilomita 36 a awa, kamar mai babur da ya yi karo da bango. In kai ne ya fara sauka, ko kuma akwai turmi ko dutse a wurin, ko mita 2 ta isa ta kashe mutum.

Mutane sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma malamai sun karantar da mu cewa mutum ya ɗaure raƙuminsa tukuna, sa'annan ya dogara ga Allah. Tsani mai ƙwari da igiya mai kyau, su ne ɗaurin raƙumin mai hawa rufi.

IRIN RUFIN DA MUKE DA SU

Kowane rufi da irin hatsarinsa. Ya kamata mu san su.

1. Jinka. Ana yi mata gangare sosai da gangan, domin ruwa ya zube da sauri bai jiƙa ciyawa ba. Wannan gangaren da ke korar ruwa, shi ne kuma ke zamar da mutum. Busasshiyar ciyawa tana da santsi. Tsohon tsaiko kuma, in gara ta ci shi, yana iya karyewa a ƙarƙashin ƙafa.

2. Rufewa, wato rumbun ƙasa. Ƙasar Adar ta yi suna da manyan rufewa. Wasu sun fi tsawon mutum biyu. Jikinsu a kewaye yake, ƙofarsu kuma a sama take. Bangonsu ba shi da kauri, musamman wajen baki.

3. Soro ko shigifa. Samansa a shimfiɗe yake, mutum yana iya tafiya a kai. Hatsarinsa yana wajen baki, inda rawani ya gajarta ko ya zaizaye, da kuma inda azara ta ruɓe a ƙarƙashin ƙasa ba a gani ba.

4. Rufin kwano. Yana ƙaruwa a garuruwanmu: masallatai, makarantu, shaguna da gidaje. Yanzu kuma mutane suna hawa don kafa farantan hasken rana da na talabijin. Kwano yana da santsi, yana da kaifi, yana ɗaukar zafi, kuma in ya yi tsatsa yana huɗewa.

DABARA TA FARKO: A YI AIKIN A ƘASA

Kafin a yi maganar tsani, a tambayi kai: shin dole ne sai an hau? Kakanninmu sun riga sun ba da amsa. A ƙasa suke ɗaure tsaiko. A ƙasa suke yin tanka. A ƙasa suke yanta ciyawa, su baibaye jinka. In ta kammala, sai a kira maƙwabta a ɗaga ta a aza a kan bango. Daga nan ne aka samu karin maganar da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan dabara ita ce ta fi kowace. Duk aikin da za a iya gamawa a ƙasa, a gama shi a ƙasa. Hular rumbu, a sauko da ita da gwafa, a gyara, a mayar. Katako, a auna a yanke shi a ƙasa. Kwano, a yi masa alamar wurin ƙusa tun yana ƙasa. Gwargwadon ƙarancin lokacin da mutum ya yi a sama, gwargwadon ƙarancin hatsarinsa.

Ranar ɗaukar jinka kuwa, a share hanya tukuna. A kawar da yara da dabbobi. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umurni, sauran su saurare shi. A tanadi gwafa uku ko huɗu masu ƙwari don tokarewa. Kada kowa ya tsaya tsakanin jinka da bango.

TSANI

Tsani shi ne babban kayan aikin mai hawa, kuma a kansa ne mutane da yawa suke faɗuwa.

Itacen da ya dace. A zaɓi itace miƙaƙƙe, busasshe, wanda ba shi da tsaga ko babban gaɓa a tsakiya. Kirya tana da ƙarfi kuma gara ba ta cika cin ta ba. Turare da dogon yaro suna ba da sanduna miƙaƙƙu. Kada a shafa wa tsani fenti mai duhu, domin fenti yana ɓoye tsaga.

Matakala. Tazarar kowace matakala da ta gaba ta zama daidai, kamar santimita 30, wato taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Kada a dogara ga ƙusa kaɗai. A sassaƙa ɗan gurbi a jikin sanda, matakalar ta zauna a ciki, sa'annan a buga ƙusa ko a ɗaure da waya. Ta haka nauyin mutum yana kan itace, ba a kan ƙusa ba.

Dubawa. Kowace rana kafin a hau, a kwantar da tsani a duba shi. A ƙwanƙwasa shi da ƙotar gatari. In ya yi amon wofi, ko gari ya zubo daga ƴan ramuka, ƙwari sun ci cikinsa. Wannan ya zama itacen wuta.

Jinginawa. Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kamu 4 sama, kamu 1 baya. Ma'ana, in wurin da tsani ya jingina yana da tsawon kamu 8, gindin tsanin ya nisanci bango da kamu 2. In gindin ya matsa kusa da bango ƙwarai, tsani yana kifewa baya da mutum. In ya yi nisa ƙwarai, gindin yana zamewa. Ga yadda ake gwadawa ba tare da awo ba: ka tsaya, yatsun ƙafarka suna taɓa gindin tsani, ka miƙa hannuwanka gaba. In tafin hannunka ya sauka a kan matakalar da ke daidai kafaɗarka, tsanin ya zauna daidai.

Tsawo. Kan tsani ya zarce bakin rufi da mita 1, wato kamu 2. Wannan ragowar ita ce abin riƙewa lokacin da mutum zai taka rufi da lokacin da zai juyo ya sauko. Kada a aza tsani a kan turmi, ko tano, ko amalanke don a ƙara masa tsawo.

Gindi. In ƙasa rairayi ce, a tona ƴan ramuka biyu, ƙafafun tsani su shiga. Ko a kafa turke a ɗaure gindin a jikinsa. In a kan daɓen siminti ne, a naɗe ƙafafun da tsohuwar robar taya. Ko da an yi haka, babban mutum ya tsaya ya riƙe.

Hawa. Fuska tana kallon tsani wajen hawa da wajen sauka. Kullum gaɓoɓi uku suna manne da shi: hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Cibiyar mutum kada ta fita daga tsakanin sandunan nan biyu. In hannu bai kai wurin aiki ba, a sauko a matsar da tsani. Mutum ɗaya ne a kan tsani a lokaci ɗaya.

Tsani a jikin rufewa. Tun da jikin rufewa a kewaye yake, tsani mai sanda biyu ba ya zama sosai, yana girgiza. A zagaya cikin rufewar da igiya, a ɗaure tsanin a jikinta. Kada a jingina nauyi a kan leɓen baki, domin nan ne bango ya fi sirantaka. Masu amfani da tsani mai sanda ɗaya, su tabbata gwafarsa ta kama sosai, kuma sarar da ake takawa ba ta goge ba. Inda magini ya kafa duwatsu ko guntayen itace don takawa, a gwada kowane ɗaya da hannu kafin a aza ƙafa.

IGIYA

A kan rufi mai gangare, igiya ita ce abokiyar tsani. Amma sai an san yadda ake amfani da ita.

Wace igiya? Igiyar kaba da ta kalgo na ɗaurin tanka ne, ba na riƙe mutum ba. A nemi igiyar leda sabuwa, mai kaurin babban yatsa. Rana tana cin igiyar leda. In ta koɗe, ko ta yi gashi, ko tana zubar da gari in an murza ta, ta gama aiki. Kafin a hau, a rataya ta a reshe mai ƙarfi, manya biyu su yi lilo a jikinta kusa da ƙasa.

Ina ake ɗaure ta? A jefa ta ta ƙetare ƙololuwar rufi, a ɗaure a gindin babban itace da ke ɗaya gefen ɗakin. Wanda ke aiki a gangaren gabas, igiyarsa tana ɗaure a yamma. In zai koma gangaren yamma, sai ya sauko, a mayar da ɗaurin gabas. Kada a ɗaure ta a indararo, ko zanko, ko kan jinka, ko wuyan rufewa. Kada a ɗaure ta a amalanke ko mota, domin wani yana iya tafiya da su. Inda igiya ta gogi kaifin kwano, a sa tsohon buhu a tsakani.

Tsawonta. Wannan shi ne muhimmin abu. Aikin igiya shi ne ta hana mutum isa bakin rufi. A gajarta ta yadda ko ya zame, za ta tsayar da shi tun yana kan rufin. Igiya mai sako-sako da aka ɗaure a ƙugu tana da hatsari. In mutum ya faɗo ta fizge shi a sararin sama, tana iya karya masa baya ko ta ji masa ciwo a ciki.

Ƙulli. Kada a yi zarge irin na ɗaurin akuya, domin yana matsewa in nauyi ya hau. A yi ƙullin da ke tsayawa wuri ɗaya. Masu haƙar rijiya sun san irinsa, a nemi su koya mana.

Ɗamarar tsaro. Akwai ɗamarar da aka yi musamman don wannan aiki. Tana kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, tana da zoben ƙarfe a baya inda ake maƙala igiya. In mutum ya faɗo, tana rarraba nauyin a jiki duka. Ana samun ta a kantunan kayan gini na manyan birane. Kafinta ko maginin da aikin kwano ne sana'arsa, ya kamata ya mallake ta. Wanda ya faɗo yana rataye a cikinta, a hanzarta sauko da shi, kada a bar shi yana lilo.

KATAKON TAKAWA DA TSANIN KAN RUFI

Kwano ba a yi shi don ɗaukar mutum ba. Katakon da ke ƙarƙashinsa ne ke ɗaukar nauyi. Don haka a taka kan layin ƙusoshi kawai, domin nan ne katako yake. Kada a taka tsakani. Kada a taka farar roba mai shigo da haske, domin tana fashewa nan take.

Abin da ya fi shi ne a shimfiɗa katakon takawa. A samu katako mai faɗin taƙi ɗaya da rabi. A buga masa ƴan guntayen itace a gicciye, kamar matakalar tsani. A kansa na sama a buga wani katako mai ƙarfi a ƙarƙashi, ko maƙeri ya ƙera ƙugiya biyu, yadda zai maƙale a ƙololuwar rufi. A ƙara ɗaure shi da igiya. Wannan katako yana da amfani uku: yana hana zamewa, yana rarraba nauyi, kuma yana raba gwiwa da zafin kwano.

A kan jinka ma haka ne. A kwantar da ƙaramin tsani marar nauyi a kan ciyawa, a ɗaure shi ta ɗaya gefen. Mai baibaya ya samu wurin aza ƙafa, ciyawar ma ba ta lalace ba.

A kan soro, kafin a hau a shiga ɗaki a duba azara daga ciki. In ta lanƙwasa, ko akwai shatar gara, a tokare ta da gwafa tukuna. Kada a tara kwaɓaɓɓiyar ƙasa wuri ɗaya a tsakiyar rufi, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi ƙwarai. Wajen yaɓe, a fara daga baki a nufo tsakiya, don kada mutum ya riƙa ja da baya yana nufar baki bai sani ba.

GUGA, KURA DA JAKA

Hannun mai hawa tsani na riƙe tsani ne. Kada a hau da kwaryar ƙasa a ka, ko guduma a hannu. A hau tukuna, sa'annan a jawo kaya da igiya da guga, kamar yadda ake ɗebo ruwa. In aikin babba ne, a kafa gwafa biyu da kura irin ta rijiya. Na ƙasa ya ja, na sama ya karɓa.

Guduma, ƙusa, wuƙa da basilla, a zuba su a jakar fata ko ta buhu, a rataya a kafaɗa. Kada a riƙe ƙusa a baki. Kada a ajiye guduma a kan gangare. A ja layi a ƙasa kewaye da wurin aiki, a gaya wa mata da yara kada su ƙetare shi sai an gama.

SUTURAR MAI AIKI

Takalmi. Silifa ba takalmin hawa ba ne. A sa takalmin roba mai kama dunduniya, mai zane a ƙasa. A kakkaɓe laka da rairayi kafin a taka matakala.

Tufafi. A tuɓe babbar riga. Iska tana shiga cikinta, ƙusa tana kama ta. A sa ƴar shara da wando, a naɗe ƙafar wando.

Gammon gwiwa. Mai aiki a kan gangare yana daɗewa a durƙushe. A naɗa tsumma kamar gammo, ko a yanko tsohon soso, a ɗaure a gwiwa. Wanda gwiwarsa ba ta ciwo, ba ya gaggawa.

Malfa. Tana kare kai daga rana. A sa mata zare a haɓa, don kada iska ta ɗauke ta mutum ya kai hannu ya zame. Wanda ke ƙasa yana miƙa kaya, hular kwano ta fi masa amfani.

Safar hannu. Bakin kwano yana yanka kamar wuƙa. Siminti kuma, wanda ake yi a Malbaza tun shekarun 1960, in yana jiƙe yana cin fata. A sa safar hannu, a wanke hannu da ruwa mai yawa bayan aiki.

LOKACIN HAWA DA LOKACIN SAUKA

A bazara zafin ƙasarmu yana wuce digiri 40. A fara aiki da sassafe, a sauko kafin rana ta take tsaka, a koma bayan la'asar. In damana ta fara, a jira raɓa ta bushe daga kan kwano.

A sha ruwa kafin a hau, a riƙa sha a kai a kai. Wanda ya ji jiri, ko ciwon kai, ko tsukewar nama, ya sauko nan da nan ya zauna a inuwa. A haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

A riƙa duban gabas. Hadarin farkon damana daga can yake tasowa, kuma iska mai ƙarfi ce ke riga ruwa isowa. Fallen kwano a hannun mutum yana kama iska, yana iya jefar da shi. In an ji tsawa, ko daga nesa ne, a sauko. Kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

A garuruwan da ke da wutar NIGELEC, a duba wayoyi kafin a ɗaga tsani ko kwano. A nisance su da aƙalla mita 3. In waya ta ratsa kan rufin, a sanar da ma'aikatan wuta kafin a fara.

Tsohuwar jinka gidan kunama ce da rina, wani lokaci har da maciji. A bubbuga ta da doguwar sanda daga ƙasa kafin a hau. Harbin rina ba ya cika kisa, amma firgitar da yake sawa tana jefo mutum. In an zuba ƙwayar kashe ƙwarin hatsi a rufewa, iskar da ke ciki guba ce. A buɗe baki, a bar ta ta sha iska sosai kafin kowa ya leƙa ko ya shiga.

WA BAI KAMATA YA HAU BA?

Mai farfaɗiya. Mai yawan jiri. Mai zazzaɓi ko wanda ya tashi daga ciwo. Dattijon da gani ko ƙafa suka yi wa rauni. Mace mai ciki. Yaro ƙarami, ko da ana ganin ba shi da nauyi. Haka kuma wanda ya sha ƙwayar taramol don ya ji ƙarfin aiki. Wannan ƙwaya tana kawo jiri da barci, wani lokaci har da jijjiga. Kuma kada kowa ya hau rufi in babu wani babba a gida.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Abin da aka yi a mintocin farko yana iya ceton rai, yana kuma iya gurgunta mutum.

1. Kada a ɗaga shi a zaunar. Kada a girgiza shi. Kada a ja masa wuya ko ƙafa. In ƙashin wuya ko na baya ya karye, motsi kaɗan yana iya yanke lakar da ke ciki, mutum ya shanye har abada.

2. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kansa da hannu biyu, daidai da jikinsa. A yi masa magana. A tambaye shi ko yana jin hannuwansa da ƙafafunsa.

3. In jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin dabba.

4. Kada a ba shi ruwa ko fura, domin wataƙila za a yi masa aiki a asibiti. In amai ya taso, a juya shi gefe gaba ɗaya, kai da jiki tare, kamar gungumen itace.

5. A ciro ƙyauren ɗaki. Mutum huɗu ko biyar su aza shi a kai a miƙe. A tokare kansa da tsumma dama da hagu, a ɗaure shi da zane. A tafi da shi a mota ko amalanke a hankali. Kada a goya shi a babur.

Wanda ya bugu a ka, ko da ya tashi yana tafiya, a sa masa ido kwana biyu. In ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, a garzaya da shi. A fara da gidan likita mafi kusa. Daga nan ma'aikacin lafiya zai tura shi asibitin Ƙonni ko na Illela, ko asibitin Galmi da ke aiki tun shekarar 1950 a kan hanyar Madawa, ko babban asibitin Tawa.

Mun san jama'a suna zuwa wurin maɗora. Amma akwai karayar da ba tasu ba ce: wadda ƙashi ya huda fata, da ta wuya, da ta baya, da ta ƙugu, da ta cinya. In kuma an yi ɗori, sai yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka daina ji, ɗaurin ya matse hanyar jini. A sassauta shi, a tafi asibiti a ranar. Jinkiri yana sa a yanke hannu ko ƙafa.

Wanda ƙusa ta soka ko kwano ya yanka, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya je a duba ko yana bukatar allurar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki ya datse haƙora. Ƙwayar cutarsa tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, abubuwan da muke kwaɓa yaɓe da su.

SHAWARA GA KOWANE GARI

Ba kowane gida ne zai iya sayen duka waɗannan kaya ba. Amma abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar unguwa. Ƙungiyar manoma, ko ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, suna iya haɗa kuɗi su tanadi dogon tsani ɗaya, da igiya biyu, da katakon takawa, da kura. A ajiye su a inuwa, a rataye, nesa da gara. A naɗa mutum ɗaya ya riƙa rubuta sunan wanda ya ara da ranar da ya mayar, ya kuma duba kayan in sun dawo. Ga amfanin karatu da rubutu ya fito fili.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. In bango yana da tsawon kamu 12, kamu nawa gindin tsani zai nisance shi?
2. Don me ba a son igiya mai sako-sako a ƙugu?
3. A ina ake aza ƙafa a kan rufin kwano?
4. Waɗanne abubuwa uku ne ba a yi wa wanda ya faɗo?
5. Waɗanne kaya ne garinmu yake da su, waɗanne ne kuma za mu haɗa kai mu tanada kafin damana?

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kare mu daga tsautsayi, ya ba mu damana mai albarka.